Ƙwallon Amurka: Wasan Da Ake Aunawa Da Yadi

'Yan gwanjo a kasuwar Aboabo ta Tamale sun saba da rigunan nan masu manyan lambobi na ƙwallon Amurka, wasan da ake aunawa da yadi kamar atamfa. Tsawon fili yadi 100 ne, kowane ɓangare 'yan wasa 11. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi 10, in sun kasa abokan hamayya su karɓa. Kai ƙwallo ƙarshen fili maki 6 ne, bugawa tsakanin turaku kuma maki 3.

Ezekiel Ansah, haifaffen Accra, ya shiga ƙungiyar Detroit Lions a 2013, sannan hukumar NFL ta kawo sansanin neman 'yan wasa Ghana a 2022. Saboda haka ɗan kasuwa, san rigar da ke hannunka kafin ka karyar da ita.