Me Ya Sa Gashi Ba Ya Cin Wani Ciwon Daji?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin maƙera a nan Lamashegu ya san wuta ba ta cin ƙarfe sai an zuga ta. To, haka gashin ciwon daji yake a asibiti. Hasken da na'ura ke harbawa ba ya aiki sosai sai da iskar oksijin, wadda jini ke kaiwa ko'ina cikin jiki.

Ga yadda abin yake. Hasken yakan raunata ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙarin. In da oksijin a kusa, sai ta manne wa raunin, ya ƙi gyaruwa, ƙwayar ta mutu. In babu, sai ƙwayar ta ɗinke rauninta ta ci gaba da hayayyafa. Ƙari kuwa girma yake cikin gaggawa, jijiyoyin jini ba sa iya bin sa. A 1955 Thomlinson da Gray, masana a Ingila, suka nuna cewa oksijin ba ta ratsa ko rubu'in milimita daga jijiya. Ƙwayoyin da ke can nesa sai an ninka musu hasken kusan sau 3 kafin su mutu, alhali ninkawar za ta ƙone lafiyayyen nama.

Shi ya sa aka nemo magunguna masu kwaikwayon oksijin. Su ƙwayoyi ba sa shanye su a hanya, saboda haka sukan kai har tsakiyar ƙarin su manne wa raunin. An gwada misonidazole, amma ya riƙa lalata jijiyoyin hannu da ƙafa. Daga baya likitocin Denmak suka gwada nimorazole ga masu dajin maƙogwaro. Sakamakon da suka fitar a 1998 ya nuna ciwon bai dawo wurinsa ba ga kashi 49 cikin 100, maimakon kashi 33 ga waɗanda aka yi wa gashi kawai.

Mai karatu, a kula. Flagyl da ake saya a kemis danginsu ɗaya da waɗannan, amma ba ya maganin daji, kada wani ya ruɗe ka.

A Ghana an buɗe sashen gashi a Korle Bu a 1997, na Komfo Anokye a Kumasi kuma a 2004. Nisan hanya da kuɗin mota sun sa da yawa daga mutanenmu jinkiri, kuma yawanci gwargwadon girman ƙari, gwargwadon ƙarancin oksijin a cikinsa. Saboda haka duk wanda ya ji kumburin da bai gane ba ya garzaya asibitin koyarwa na Tamale. Wanda aka sa wa ranakun gashi kada ya tsallake ko ɗaya, ya bar taba, a kuma duba masa ƙarancin jini, don duka biyun suna rage oksijin.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.