Hinjin ƙofa: ɗan ƙarfen da ke tsayar da tsohon kamiyo ko ya tashe shi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar manyan motoci ta Maraɗi, Damagaram ko Galmi lokacin lodin albasa, ya san irin kamiyon da direba sai ya ɗaga ƙofarsa da kafaɗa kafin ta rufu. Wani ma igiya ko roba ake ɗaure ta da ita. Inji lafiya lau, tayoyi sababbi, amma ƙofa ta sunkuya. Galibi laifin na hinji ne, wato ƙarfen nan biyu da ƙofa ke juyawa a kansu.

Yawancin waɗannan motoci sun girmi direbobinsu. Mercedes mai gajeren hanci, irin su 911 da 1113, an fara ƙera irinsu tun 1959, aka ci gaba har cikin shekarun 1990. Berliet kuwa, kamfanin birnin Lyon na Faransa wanda motocinsa suka ratsa Tenere a 1959 da 1960, ya narke cikin Renault a 1978, sunan ya ɓace daga kan sababbin motoci. Ke nan samun sabon hinjin irin waɗannan motoci ba abu ne mai sauƙi ba, wanda ake cirowa daga matattun motoci kuma sau da yawa shi ma ya cinye. Ga shi bayan da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kayan gyara suka riƙa zagayowa ta doguwar hanya. Shi ya sa gyaran na jikin motar ya fi sauƙi ga mai ita.

Yadda hinji ke lalacewa a fili yake. A tsakiyarsa akwai sandar ƙarfe da ke ratsa ramuka. Ƙurar hunturu da rairayi kan shiga wurin su gauraya da giris, su zama tamkar dutsen wasa wuƙa. Ga girgizar hanyoyin laterit, ga yaran mota da ke rataya jikin ƙofa suna ba direba hannu. A hankali sandar ta sirance, ramin da ke zagayayye ya koma siffar ƙwai. Wasan milimita ɗaya kacal a wurin hinji kan zama milimita da yawa a ɗaya bakin ƙofar, saboda faɗinta.

Gwajin bai buƙatar na'ura. A buɗe ƙofa kaɗan, a kama ƙasanta a ɗaga sama. In ta yi ƙwas-ƙwas, hinji ya ci. In kuwa ginshiƙin da hinjin ke manne da shi ne ke motsi, to akwai tsagewa ko tsatsa a jikin kabin, kuma sai an fara ɗinke wannan da walda kafin komai.

Makanike mai natsuwa kan fara da zana iyakar hinjin a jikin mota da alli ko ƙusa, don ya san inda zai mayar da shi. Sai a tallafe ƙofa da jak da katako, domin ta fi ƙarfin mutum ɗaya. A jiƙa sandar da gazuwal, a buge ta ta fita. In ta ƙi, a ɗan gasa wurin da wuta.

Daga nan aikin na mai injin sassaƙa ƙarfe ne, wanda ake kira tur. Zai faɗaɗa ramin har ya koma zagayayye, ya sassaƙa zoben tagulla daidai da shi, ya matsa shi ciki, sannan ya yi sabuwar sanda da ƙarfe mai tauri. Hikimar ita ce tagulla ta fi sandar laushi, don haka ita za ta riƙa cinyewa, kuma canza zobe nan gaba aikin ɗan lokaci ne. In ramin ya yi faɗin da ba ya riƙe zobe, sai a cike shi da walda a sake hudawa. A nan ne ake gane gwani: dole ramukan hinjin sama da na ƙasa su zauna kan layi ɗaya, abin da ake gwadawa ta zura doguwar sanda miƙaƙƙiya ta ratsa su duka. In suka saɓa, ƙofa za ta yi tauri, sabon zoben ya cinye cikin ƴan watanni.

Gyaran gaggawa da aka fi yi shi ne a cusa kowane irin bol a ramin, ko a matsar da maƙalin kulle ƙasa don ƙofar ta kama. Zaren bol kan ci ramin kamar zarto. Matsar da maƙali kuwa ɓoye ciwo ne: nauyin ƙofa ya koma kan kulle, shi ma ya cinye, wata rana a kan babbar hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi ƙofa ta buɗe da kanta a kwana. Tsofaffin motocin nan da yawa ba su da bel, kuma yaron mota a gefen ƙofa yake zama. Don haka maƙalin kulle shi ne abu na ƙarshe da ake daidaitawa, bayan ƙofa ta tsaya daidai a kan hinjinta.

Ga ƴan uwa da ke Aljeriya, Libiya, Abijan ko Turai masu turo kuɗin gyaran motar gida, in aka lissafa inji, birki da taya, a tambayi ƙofa ma. A nemi a turo ɗan bidiyo ana ɗaga ta da hannu, kafin gyara da bayansa. Bayan haka abin da ya rage shi ne a riƙa goge ƙurar hinjin ana sa masa sabon giris duk lokacin da aka canza man inji, yaran mota kuma su nemi wani wurin kamawa.