Lambun Cikin Gari da Maganin Saiwa: Gaskiya ko Jita-jita?

Tun da kayan miya suka yi tashin gwauron zabi, mutanen birni suka waiwayi ƙasa. Ka shiga gidaje a Kano ko Zariya ko Maraɗi, za ka tarar da buhuna jere a gindin katanga, an cika su da ƙasa, alayyafo da tattasai suna leƙowa. A wasu unguwanni matasa sun share kangon da ya zama bola, sun kewaye shi da ƙaya saboda awaki, sun raba shi fangali-fangali. Abin yana faranta mini rai, kuma da so samu ne kowane masallaci da kowace makaranta su samu lambunsu. Sai dai maganganu sun biyo bayan shukar, a WhatsApp, a majalisa, da bakin masu tallar magani da lasifika. Wasu gaskiya ne, wasu rabi da rabi, wasu kuwa suna iya kwantar da mutum a asibiti.

"Noma a birni sabon yayi ne, yunwa ce ta kawo shi"

Jita-jita ce. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya shigo Kano a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran gonaki ne da lambuna. Har zuwa zamanin iyayenmu, jakuna kan shigo birni da itace, su fita da mangalar taki zuwa gonakin kewaye. Gini ne ya cinye filayen, ba al'adar ce babu ba.

Amma masu cewa buhu goma a tsakar gida zai raba ka da cefane, su ma sun zarce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a kullum. Gida mai mutum bakwai ke nan yana neman abin da ya doshi kilo uku duk rana. Birnin Habana na ƙasar Kyuba shi ake buga misali da shi a duniya: bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, man fetur da takin zamani suka yanke, mutane suka mai da kangwaye lambuna har suka wadata birnin da ganye mai yawa. Duk da haka Kyuba ba ta daina sayo shinkafa da alkama daga waje ba. Lambun birni na miya ne, tuwo yana gona.

"In ganye ya yi kore shar, lafiyayye ne"

Nan ne na fi damuwa, domin ido yana yaudarar mai saye da mai shuka baki ɗaya.

Duk wanda ya bi gaɓar Jakara da rani ya ga latas da kabeji da alayyafo da suka fi na ko'ina kyan gani. Dalilin kyan nasu shi ne ruwan. Jakara tana ɗauke da ruwan kwatamin cikin birni da na mayanka, rafin Getsi kuma yana kawo abin da ya fito daga masana'antun Bompai, kafin su haɗu su gangara madatsar Wasai. Ruwan ƙazanta cike yake da abincin shuka, shi ya sa ganyen ke yin faɗi da sheƙi ba tare da an sayi taki ba. Amma a cikinsa akwai ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin gudawa da taifod, akwai kuma ƙarafa masu guba irin su kuromiyom da ake jima da shi a masana'antun fata, da dalma, da kadmiyom. Masu bincike a jami'o'inmu sun sha auna ƙasa da ganyen waɗannan fadamu suna samun ƙarafan. Ban ga laifin manomin da ke ban-ruwa da abin da ya samu ba, da shi yake ciyar da iyalinsa, kuma shi ne ma farkon wanda ruwan ke ci wa ƙafa. Laifin yana kan masu zuba dagwalon masana'anta ba tare da tacewa ba, da hukumomin da suka zuba ido.

Wanki yana rage ƙwayoyin cuta da ƙurar da ta hau ganye, dafuwa tana kashe ƙwayoyin. Ƙarfen da shuka ta tsotsa ta saiwa kuwa, ba ruwan gishiri ko tafasa da zai fitar da shi.

Mai lambun tsakar gida ma bai tsira ba don kawai shi ya shuka da hannunsa. Tambayar ita ce daga ina ya ɗebo ƙasar. Ƙasar gefen babban titi, ko ta wurin da aka taɓa yin garejin kanikawa, ko inda ake fasa tsohon batir, tana iya riƙe dalma shekaru da dama. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun gama daina sayar da fetur mai dalma a farkon 2006, amma wadda hayaƙin motoci ya zubar kafin nan tana nan a ƙasa, ba ta ruɓewa. Mun ga abin da dalma ke yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu saboda dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ta cikin birni ba ta kai wannan yawa ba, sai dai kaɗan ɗin ma yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma yaron da ke wasa a cikin ƙasar yana kai hannu baki ya fi mai cin miyar shiga haɗari.

Takin juji ma ya canza. Jujin da jakuna ke kwashewa a da toka ce da kashin dabbobi da sharar tsakar gida. Ka tona na yau da sanda ka gani: leda, batirin tocila da ya fashe yana fitar da baƙin gari, kwalbar allura, ƙyallen jarirai. Wanda zai cika buhu ya nemi ƙasar gona ko ta fadama mai tsabta, ya haɗa da takin dabba da ya kwana biyu ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, yana kuma ɗauke da cuta. A Amurka, dokar noman da ba a sa masa sinadari ta tanadi a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa, irin su latas da karas. Kada kuma a shuka abin ci a bokitin fenti ko jarkar maganin feshi.

Ruwa mai kyau ba ya rasa samuwa in an duba. Na alwala da ke malala daga masallatan unguwa sau biyar a rana yana shiga kwata a banza, alhali ba sabulu a cikinsa, kuma zai raya layin zogale da gwanda har rani ya wuce.

"Shuka a gida tana kawo sauro"

Rabi da rabi. Sauro ba ya haihuwa a ganye, a ruwan da ya kwanta yake zuba ƙwai, kuma cikin kwana bakwai zuwa goma da zafin ƙasarmu ya zama mai tashi. Duhuwar ganye wurin hutunsa ce da rana. Don haka durom ɗin ban-ruwa da aka bari a buɗe, da ramin da ruwa ke taruwa a gefen fangali, su ne abin lura. Haka nan masu cewa dasa ɗoɗɗoya a bakin taga ya isa korar sauro, ba haka ba ne. Man da ake tatsa daga wasu ganyaye yana korarsa na ɗan lokaci in an shafa, amma shukar da ke tsaye a tukunya ba ta maye gurbin gidan sauro.

"Zogale yana maganin cuta ɗari uku"

Zogale abinci ne na gaske, ba na son a rage masa daraja ko kaɗan. Busasshen ganyensa kusan kashi ɗaya cikin huɗu furotin ne, yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, yana da na ƙarfafa ƙashi da na ƙarin jini. Yana jure fari, yana tsirowa daga reshen da aka kafa, in an sare shi ya sake tohowa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa ya fi yawancin abin da yaranmu ke saye a leda a ƙofar makaranta. A matse masa lemun tsami, domin tsamin yana taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin ƙarin jinin, a kuma shanya ganyen a inuwa, rana tana cinye bitamin ɗin. A Sudan mata sun daɗe suna daka ƙwayarsa su zuba a ruwan kogi mai laka ya kwanta, bincike kuma ya tabbatar tana yin haka, ko da yake ruwan da ya yi garau ba lallai ya rabu da ƙwayoyin cuta ba.

Maganar cuta ɗari uku kuwa talla ce. Yawancin gwajin da ya nuna zogale na sauke sukari ko hawan jini a kan ɓeraye aka yi shi, na mutane kaɗan ne kuma ƙanana. Babu hujjar cewa yana warkar da kansa ko ƙanjamau. Saiwarsa da ɓawonsa ba kamar ganyen ba ne, mai ciki ta nisance su. Abin da ke ƙona mini rai shi ne dattijon da ya ajiye ƙwayar hawan jininsa saboda an ce garin zogale ya wadatar. Hawan jini ba ya sallama, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye.

"Ai itace ne, in bai yi magani ba ba zai cutar ba"

Wannan ce jita-jitar da ta fi kowacce haɗari, kuma kowa yana da hujjar rushe ta a bayan gidansa. Zaƙami tsiro ne, mun san yadda yake fitar da mutum daga hayyacinsa in an jefa shi a zoɓon biki, wani ma ba ya dawowa. 'Ya'yan bini-da-zugu da ake shinge da shi suna da daɗi a bakin yaro, ƙwaya kaɗan ta isa ta sa shi amai da gudawa har ya galabaita. Ƙwayar zurma tana da guba mai kisa. Nonon tumfafiya in ya shiga ido yana ƙona shi. Man darbejiya da aka ɗura wa jarirai a Indiya da Malesiya ya jawo musu farfaɗiya da suma, likitoci sun rubuta. Tsofaffin masu magani na asali sun san duk wannan, shi ya sa suke cewa a sha ludayi ɗaya, kada mai ciki ta taɓa. Mai jarka a bayan mota, wanda jiƙonsa guda ke maganin basir da taifod da sanyi da raunin mazakuta, bai san ƙarfin abin da ya jiƙa ba, wani ma yana narka ƙwayar bature a ciki don a ji aiki nan take. Likitocin ƙoda a asibitocinmu suna tambayar majinyaci ko ya sha jiƙo, kuma ba don raini suke tambaya ba. A gaya musu gaskiya.

Lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalba ma a fahimce ta. Magungunan gargajiya da yawa lambarsu tana ƙarewa da harafin L, ma'ana an gwada an ga ba su nuna guba ba a ma'aunin da aka rubuta. Ba shaida ba ce cewa suna warkar da abin da aka lissafa, shi ya sa ake wajabta musu rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

To, ko wannan na nufin duk maganin gargajiya camfi ne, kamar yadda wasu 'yan boko ke ɗagawa? Ita ma jita-jita ce. A wani gwaji da aka buga a 2010 daga Jami'ar Tufts a Amurka, masu shan kofi uku na zoɓo kullum tsawon mako shida sun samu saukar lambar sama ta awon jini da kusan maki 7. Taimako ne na gaske, in ba a cika shi da sukari ba, amma bai isa ga wanda jininsa ya haura sosai ba. A Abuja, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD ta samar da Niprisan don masu sikila daga haɗin gargajiya da ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace.

Babban misali shi ne tazargade, wanda kasuwarsa ta buɗe a lokacin korona a 2020. Daga wata ciyawa 'yar danginsa a ƙasar Sin aka samo atimisinin, ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro na yau. Masaniyar da ta jagoranci aikin, Tu Youyou, ta lura a wani tsohon littafin magani cewa jiƙa ciyawar ake yi a matse, ba dafawa ba, sai ta gane zafi yana lalata sinadarin. Ta canza hanyar tatsa a 1971, ta samu kyautar Nobel a 2015. Gargajiya ce ta nuna hanya, awo da gwaji suka mai da ita magani.

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan shan shayin ganyen a madadin ƙwaya. Yawan sinadarin yana bambanta daga shuka zuwa shuka, daga ƙasa zuwa ƙasa, da yadda aka shanya aka ajiye. In ya yi kaɗan, zazzaɓin zai lafa amma ƙwayar cutar ba ta mutu duka ba, waɗanda suka saura kuma su ne masu taurin kai da ke yaɗuwa. An riga an ga alamun wannan turjiya a Kambodiya, daga baya a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Ƙwayar da ake bayarwa a asibiti haɗin magani biyu ce, ana shan ta kwana uku cif don ɗaya ya ƙarasa abin da ɗaya ya bari. Yaron da jikinsa ya yi zafi a damina a kai shi a yi masa gwajin jini a ranar, domin irin zazzaɓin da ke ƙasarmu yana iya tsananta cikin awa 24.