Bayani a kan Riƙon Karen Farauta da Anka Tsinta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore dabbobi ga ɗan Adam. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama. Bayan haka, almajirai na Birnin Kebbi da Argungu sun tambaye ni hukuncin karen farauta da anka tsinta cikin fadamar Gulbin Rima, yasasshe ko mai rauni, bayan mafarauta sun watse. Na amsa cikin fasali uku.

Fasali na farko, cikin hukunci. Ka sani, ya ɗan'uwa, a mazhabar Maliku kowane mai rai tsarkakakke ne, har kare da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sha ruwa cikinta bauta ce, ba don najasa ba. Shayar da shi lada ne, domin ya inganta cikin Buhari da Muslimu an gafarta ma wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Amma Ibnu Abi Zaidi, wanda ya rasu shekara 386 ta Hijira, ya taƙaita riƙonsa cikin Risala ga tsaron shuka, da kiwo, da farauta ta neman abinci. Idan ba ka da ɗaya cikin ukun, ka yi jinyarsa, ka miƙa shi ga mai buƙata. Kuma Halilu ya ƙidaya karen da anka yi izinin riƙonsa cikin tsintuwa. Saboda haka ka yi cigiyarsa shekara guda, a kasuwa da ƙofar masallaci da wurin sarkin baka. Kada ka sayar, mashahurin zance hani ne.

Fasali na biyu, cikin ɗabi'arsa. Damiri, wanda ya rasu shekara 808, ya kasa kare biyu cikin Hayatul Hayawan: na gida da saluƙi, shi ne na farauta. Mai kama da saluƙi a ƙasashenmu shi ne karen Buzaye na Azawak, tsakanin Nijar da Mali. Tsayinsa a kafaɗa santimita 60 zuwa 74, nauyinsa kilo 15 zuwa 25, dogayen ƙafafu, zurfin ƙirji, ɗamammen ciki. Bayyanar haƙarƙarinsa halitta ce, kada ka cusa masa abinci don shi yi ƙiba. Wanda ya daɗe da yunwa kuwa a ba shi kaɗan kaɗan. Da ido shi ke farauta, duk abin da ya ruga shina binsa, zomo ne ko kazar maƙwabci, don haka ka riƙe shi da igiya har shi saba. Gashinsa gajere ne, kitsensa kaɗan, sanyin hunturu na cutar da shi, ka shimfiɗa masa buhu. Shina ƙyuyar baƙo, shina manne ma mai shi. Duka ba ya horonsa, sai lallashi da sakinsa shi yi gudu a fili.

Fasali na uku, cikin tsaron rai. Karen da ba a san asalinsa ba ana tsoron haukan kare gare shi. Ka nisanta shi da yara, ka kai shi ga likitan dabbobi shi duba kaska da tsutsar ciki, shi yi masa allurar rigakafi, a riƙa sabuntawa. Idan ka ga dalalar yawu, da cizon duk abin da ya tarar, da sakin muƙamuƙi, kada ka kusance shi. Wanda anka ciza shi wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, shi tafi asibiti ranar nan. Allurar mutane akwai ta tun 1885, da Pasteur ya fara yin ta a Faransa, amma idan alamun ciwon sunka bayyana, magani ya ƙure. Kiyaye rai wajibi ne, jinƙai ga dabba ba ya kayar da shi.

Allah ne mafi sani.