Tiramol Ba Ta Murza Feda

Ranar Talata, idan kasuwar Mafara ta cika, mai gyaran keke ba ya samun sararin ɗaga kai. Kekunan da ake jingine masa yanzu iri biyu ne. Akwai tsofaffin Raleigh da Phoenix na manoman da ke shigowa daga ƙauyukan Bakura da Maradun, kariyarsu ta lanƙwashe saboda dakon shinkafa da albasa. Waɗannan faci suke nema, ko ɗaurin birki. Akwai kuma na samari, 'yan gwanjo masu giya da siraran tayoyi, wasu an ɗaure musu waya a ka da kyauron roba. Irin na biyun ne kan zo da ƙafar gaba a murɗe, mai shi da kurjewa a kumatu da gwiwa. A tambaye shi mota ce ko babur, sai ya sunkuyar da kai. Babu abin da ya buge shi. Tafiya yake a miƙaƙƙen titi, hanya fayau, sai kawai ya farka a ƙasa mutane na yi masa fifita.

"Ɗana, me ka sha?" in ji mai gyara, idonsa na kan tayar.

"Wallahi Baba, rabi ce kawai."

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, keke ya dawo da martabarsa a garuruwan da ke kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato. Ɗalibin kwalejin Abdu Gusau da malamin firamare da ɗan tireda duk sun kakkaɓe nasu. Daga hawan dole sai sha'awa ta shiga, daga sha'awa sai gasa. Wayar hannu ta ƙara iza wutar. Manhajoji irin su Strava, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 2009, na bin sawun mai keke ta tauraron ɗan'adam, su lissafa nisan da ya ci da gudun da ya yi, su ba shi lambar yabo idan ya cika wani adadi a wata, su ɗora wa wanda ya fi kowa sauri a wani yankin hanya hoton kambi. Hoto ne kawai, ko ƙullin gishiri ba ya saye. Amma saurayi ya saka shi a WhatsApp, abokai su yi ta jinjina, gobe wani ya rantse sai ya ƙwace.

Har nan babu laifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma na son baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kuma keke na cikin mafi sauƙi ga gaɓoɓi.

Laifin ya shigo ne ta wata magana da ake maimaitawa a majalisa har ta zama kamar karatu: wai Turawan nan da ake kallo a YouTube suna hawan duwatsun Faransa duk ƙwaya suke sha, wai ɗan'adam ba ya wannan gudun da tuwo kaɗai, saboda haka mai son kambi ya haɗiyi tiramol kafin ya hau. Abin takaici, masu faɗin haka yawancinsu ba su taɓa yin tafiyar awa biyu a kan sirdi ba. Zama suke a benci suna ba da fatawa, yaran mutane na zubewa a kwalta.

Tiramol, wato tramadol, maganin kashe zafin ciwo ne, dangin kodin da mofin. Wani kamfanin Jamus, Grünenthal, ya fito da shi kasuwa a 1977 domin masu karaya da waɗanda aka yi wa tiyata. Aikinsa a ƙwaƙwalwa yake, ya toshe saƙon ciwo. Keke kuwa abubuwa uku ke tura shi: zuciyar da ke harba jini, huhun da ke ɗura wa jinin iska, da tsokar cinya mai ƙona abincin da aka ci. Tiramol ba ta faɗaɗa zuciya, ba ta ƙara huhu, ba ta zuba wa cinya ko cokali ɗaya na abinci. Zafin da mai keke ke ji a ƙafa, da hakin da ke tare masa maƙoshi, mai gadi ne da Allah ya ajiye masa, yana kwaɗa masa kira cewa mai ya kusa ƙarewa, inji ya ɗau zafi. Wanda ya sha ƙwaya ya ba mai gadin maganin barci ne. Ɓarawon bai fasa zuwa ba.

Masu gardama za su ce ai an gwada an ga tana ƙara gudu. Haka ne, kuma gara a faɗa musu nawa ne. Masu bincike a Jami'ar Kent ta Ingila sun ba ƙwararrun mahaya 27 tramadol a ɗakin gwaji, suka tarar lokacinsu ya ragu da kashi 1.3 cikin ɗari. A tafiyar awa guda, wannan bai kai minti ɗaya ba. Ga shi waɗannan mutane ne da suka yi shekara da shekaru suna horo, a kan keken da aka kafe a ƙasa, babu tirela, babu rami, babu akuyar da za ta gifta, masana na tsaye a kansu. Saboda abin da bai kai minti ɗaya ba saurayi zai hau titin da manyan motocin Sakkwato ke bi, ido na lumshewa, kai na juyawa.

Su kansu masu tseren ba su yarda da ita ba. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta tramadol a gasa tun 1 ga Maris 2019, kuma hujjarta ita ce tana jawo jiri da gyangyaɗi da gushewar hankali, mutum ɗaya ya kauce ya kwashe jama'a a bayansa. A 2022 ɗan Kolombiya Nairo Quintana, wanda ya taɓa lashe manyan gasannin Italiya da Sifaniya, ya zo na shida a Tour de France. Da aka samu tramadol a jininsa sai aka goge sunansa daga sakamakon, ya ɗaukaka ƙara bai yi nasara ba. Daga 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, WADA, ta haramta ta a lokacin gasa a dukkan wasanni. An yi ha'inci a tseren keke, ba a musu. Lance Armstrong ya ci Tour de France sau bakwai a jere daga 1999 zuwa 2005, a 2012 aka ƙwace duka bakwai ɗin, ya ƙare yana amsa laifinsa a talabijin. Masu fatawar benci ba sa kaiwa wannan gaɓar labarin.

Akwai wanda ya fi wannan ban tausayi. Ranar 13 ga Yulin 1967, ana tsananin zafi, zakaran duniya na 1965, Baturen Ingila Tom Simpson, yana hawan dutsen Ventoux a kudancin Faransa. Ya fara tangaɗi a kan hanya, ya faɗi, aka tayar da shi ya sake hawa, ya yi 'yar tafiya ya sake faɗuwa hannunsa riƙe da keken. Bai tashi ba. Shekarunsa 29. An samu ƙwayar amfetamin da barasa a jikinsa, da sauran ƙwayoyin a aljihun rigarsa. Ƙwayarsa daban ce da tiramol, amma aikin da ta yi masa ɗaya ne: jiki na cewa tsaya, shi ba ya ji. Zafin da ya haɗu da ƙwaya ya kashe Simpson, Mafara na ganin irinsa duk bazara, lokacin da ma'auni ke haura 40 a Afrilu.

Sai batun "rabi ce kawai". Rabin me? Abin da hukuma ta amince a sayar a Najeriya shi ne mai miligiram 50 da mai 100, shi ma da takardar likita. Wanda jami'an NDLEA ke kamawa kwantena-kwantena a tashoshin jiragen ruwan Legas, wanda ke ƙarewa a aljihun samari, mai 200 ne da 225. Rabinsa ya kai ko ya wuce cikakkiyar ƙwayar da ake ba mai karaya. Iyakar abin da likita zai yarda babban mutum ya sha a yini ɗaya miligiram 400 ne, a rarrabe, kuma ko a ƙasa da haka tramadol na iya tayar da jijjiga irin ta farfaɗiya ga wanda bai taɓa yin ta ba. Wannan ce faɗuwar da babu mota babu babur. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 a Najeriya na shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. Mai kemis ɗin da ya miƙa wa yaro ɗan shekara sha bakwai wannan abu ta ƙarƙashin kanta ya san abin da ya sayar, kuma zai amsa tambaya a gaban Wanda ba a ba cin hanci.

Ban da ƙwaya, birkin da ya cinye, da ramuka, da hawan dare babu fitila, da toshe kunne da waƙa su ma suna kayar da mutane.

Mai son sanin sirrin 'yan tsere ya sake kallon bidiyon da idon basira. Ya duba yadda suke curewa wuri ɗaya, kowa na laɓewa a bayan ɗan'uwansa, domin na baya na rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar iska. Ya ƙirga sau nawa hannu ke zuwa ga gorar ruwa, sau nawa ake cusa abinci a baki ana tafe. Abin da ba a nunawa shi ne kilomita dubu 25 zuwa 30 da kowannensu ke ci a shekara, mafi yawa a hankali. 'Yan Afirka ma suna ciki: Biniam Girmay, ɗan Eritiriya da ya ci zango uku da kyautar koriyar riga a Tour de France ta 2024, a tsaunukan Asmara ya tashi, inda keke yake kamar ƙwallo a wajenmu. Ese Ukpeseraye, wadda ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke na Olamfik a Paris a shekarar, sai da tawagar Jamus ta ara mata keken shiga wani rukunin gasar. A Satumban 2025 Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya, karon farko a Afirka.

Sabon shiga ya fara da minti talatin, kwana uku a mako, da gudun da zai iya yin hira a kai ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Ya riƙa ƙari kaɗan-kaɗan duk mako, kamar kashi ɗaya cikin goma, a mako na huɗu ya sassauta. Ranar gudu mai tsanani ɗaya ta isa a mako, biyu ga wanda ya goge. Tsoka a lokacin hutu da barci take ginuwa, don haka ranar da aka jingine keke ba asara ba ce ko da manhaja ta nuna sifili. Lokacin fita bayan sallar asuba ne, idan gari ya waye, a dawo kafin rana ta take. A azumi kuwa sai bayan buɗa-baki, a cikin gari, da fitila. Kada a fita da yunwa. Koko da ƙosai sun wadatar, a zuba dabino a aljihu idan tafiyar za ta wuce awa. Ruwa kamar rabin lita zuwa lita a kowace awa, kurɓi-kurɓi, ba sai ƙishi ya kama ba. Bayan doguwar tafiya a zafi, a jiƙa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, irin wanda iyaye mata ke yi wa mai gudawa. Fitsari ja alama ce ruwa ya yi kaɗan. Ciwon gwiwar da wasu ke sha wa ƙwaya sau da yawa daga sirdi yake: a ɗaga shi har idan diddige na kan feda a ƙasa ƙafa ta miƙe. Hular kwano kuwa, duk dariyar da za a yi wa mai ita a bakin tasha, ta fi ɗinki a ka arha.

Lissafin waya a ɗauke shi a matsayin littafin tunatarwa. Wani bincike na Jami'ar Stanford a 2017 ya gwada agogunan hannu bakwai, ya tarar yawancinsu suna auna bugun zuciya da kyau, amma a lissafin kuzarin da jiki ya ƙona, wanda ya fi daidai ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, na ƙarshe da kashi 93. Manhajar da ta yi alkawarin biyan kuɗi don an motsa jiki, musamman idan ta ce a fara zuba wani abu, wanda ya sha danna waya a zamanin wasan Hamster a 2024 ba ya buƙatar dogon bayani.

Akwai kuma abin da ya shafi Zamfara fiye da wurare da yawa. A 2018 taswirar da Strava ta wallafa ta tona sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan, don kawai sojoji na gudu da wayoyinsu a kunne. Saurayin da ke wallafa cewa kullum ƙarfe shida da rabi yana bin hanyar madatsar ruwan Bakolori, ga taswira tun daga ƙofar gidansu, ya yi wa masu ba 'yan bindiga bayanai rabin aikinsu. A rufe shafin ga abokan da aka sani ido da ido, a ɓoye mafarin tafiya da ƙarshenta, a riƙa sauya hanya da lokaci, a fita cikin ayari, a kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya ta kwana kafin a wuce bakin gari.

Idan abokin tafiya ya faɗi yana jijjiga, a janye shi daga titi, a kwantar da shi a gefen jikinsa, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa. Kada a cusa masa cokali ko tsinke a baki, kada a ɗura masa madara ko manja, kada a tsaya cewa iska ce ta taɓa shi. A kai shi asibiti, a faɗa wa ma'aikata sunan abin da ya sha da yawansa, domin kunyar faɗa na iya sa a yi masa maganin da ba nasa ba. Wanda kuma ya riga ya saba, har in bai sha ba jiki ya ɗau ciwo da gumi da hamma da rashin barci, kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Likita ne ke rage masa ita sannu-sannu cikin makonni, kuma a wannan tsakanin keken ya zauna a zaure.