Daga Daura zuwa Kano a keke: zafi ya fi tudu kayar da mutum

A 2023 wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya hau keke daga Konakiri da niyyar zuwa karatu jami'ar Al-Azhar a Alƙahira. Ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Chadi, tafiyar kusan kilomita 4,000 cikin wata 4, kafin masu taimako su saya masa tikitin jirgi ya ƙarasa. Tun lokacin abokaina a Daura ke tambayata, wai mutum zai iya irin wannan, ko da daga nan zuwa Kano ne? Zai iya. Sai dai duk hankalinsu yana kan tudun Kazaure, alhali abin da zai fara karya su yana cikin jikinsu.

Jikin mutum inji ne mai asara. A duk ƙarfin da tsoka ta ƙona wajen taka feda, kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kawai ke juya taya, sauran duk zafi yake zama. Wato in kana ba keke wat 100, jikinka yana haifar da zafin wat 300 zuwa 400 da dole ya fita. A ranar sanyi iska ce ke kwashe shi daga fata. To amma zafin fata bai wuce digiri 35 ba, a Daura kuwa watan Afrilu da Mayu iska kan haura digiri 40. Nan lissafi ya juya: iskar da ke kaɗa ka ƙara maka zafi take yi. Hanya ɗaya ta rage, gumi ya bushe a kan fata.

Kowace lita 1 ta gumi in ta bushe tana tafiya da zafi kusan kilojul 2,400. Shi ya sa mai keke a rana yake iya zubar da lita 1 zuwa 2 a awa guda. Abin haɗarin a nan shi ne busasshiyar iskarmu tana shanye gumin nan take, riga ba ta jiƙe ba, sai mutum ya ɗauka bai yi gumi ba. Farin layin gishiri da ke fitowa a wuyan riga shi ne shaida. Da zarar ka rasa ruwa kamar kashi 2 cikin 100 na nauyinka, wato kilo 1.2 ga mai kilo 60, ruwan jini ya ragu, zuciya ta ƙara bugu, ƙafa ta yi nauyi.

A nan ne tudu ke shigowa. A wajen hawa aiki ya ƙaru, gudu ya ragu, iskar da ke busar da gumi ta yi ƙasa, gumin sai ya riƙa ɗiga a kwalta bai sanyaya komai ba. Masu hawan manyan duwatsu suna da ɗan sauƙi, domin zafin iska yana sauka kusan digiri 6.5 a duk hawan mita 1,000, abin da ya sa Jos ta fi mu sanyi ke nan. Tudun Kazaure bai kai tsayin da zai ba ka wannan ladan ba. Wahalar kawai zai ba ka.

Ruwa zalla ma bai isa ba, don gumi da gishiri yake fita. Wanda ya yini yana ɗura ruwa ba ya cin komai zai iya tsinka gishirin jininsa har ya kai ga ruɗewa. Haɗin ruwan gishiri da sukari da ake yi wa yara masu gudawa yana aiki: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita 1. Ni dai na fi yarda da fura da nono a tsayawar rana, ga ruwa ga abinci, a ƙara da ƙuli-ƙuli.

Jiki yana sabawa da zafi, amma sai an ba shi kwana 7 zuwa 14 ana fita a hankali, ko da daga Daura zuwa Sandamu ko Mai'adua ne a dawo. A hau sikeli kafin fita da bayan dawowa. Duk kilo 1 da ya ragu, kusan lita 1 ce ta tafi. A tashi bayan sallar asuba, a sauka inuwa kafin azahar, a ci gaba bayan la'asar. In dare ya yi, gara a nemi mai gari ya ba da masauki da a kafa tanti a daji.

Alama ɗaya ce ba a jayayya da ita. In abokin tafiya ya fara magana ba kan gado, ko yana tangaɗi a kan keke, a sauke shi a inuwa, a kwarara masa ruwa a jiki ana yi masa fifita, a nemi mota zuwa asibiti. Sanyaya shi ake farawa da shi tun kafin motar ta iso.