Tabarau Na Tuƙa Jirgi Marar Matuƙi: Ido Na Sama, Jiki Na Ƙasa

Ƙananan jirage marasa matuƙa sun daina zama abin mamaki a garuruwanmu. Ana jin zizarsu a wurin ɗaurin aure, a hawan Sallah, da wuraren ɗaukar fim. Galibin waɗannan, mai tuƙin yana riƙe da rimot da waya a hannu, yana duba allo yana kuma ɗaga kai ya hangi jirginsa. Amma akwai wani salon da ke ƙara farin jini a wurin samari, wanda masu harkar ke kira FPV. A nan mutum zai ɗaura wani ƙaton tabarau ya rufe idanunsa ruf, ya dinga ganin duniya kamar shi ne zaune a goshin jirgin. Bidiyon nan da kake gani kyamara ta kutsa ta taga, ta bi ta ƙarƙashin mota, ta yi sama kamar shaho, yawanci da irin wannan aka ɗauke shi.

Yadda abin ke aiki ba wani siddabaru ba ne. Akwai 'yar kyamara a gaban jirgin, da na'urar da ke cillo hoton ta iska, galibi a kan mita 5.8 GHz. Eriyar tabarau ta cafke, wasu ƙananan alluna da ke daf da ido su nuna. Tsohon tsari shi ne na analog, wanda kamfanin Fat Shark ya yi suna da shi. A shekarar 2019 kamfanin DJI na birnin Shenzhen a ƙasar Sin ya fito da tsarin dijital mai hoto tangaran, daga baya irin su HDZero da Walksnail suka biyo. Jirgin DJI FPV da ya fito a 2021 yana kai gudun kilomita 140 a awa, wato kusan mita 39 a daƙiƙa guda. Idan hoton ya yi jinkirin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kawai, jirgin ya riga ya wuce inda kake gani da kusan mita 4.

Babban abin da ya kamata kowa ya gane shi ne, duk wanda ya ɗaura tabarau ɗin nan ya zama makaho a inda yake tsaye. Ba ya ganin yaron da ya matso kusa da shi, ko ɗan acaɓar da ya taho ta baya, balle mai niyyar ɗauke masa jaka. A can sama ma ganin nasa rabi ne. Kyamarar gaba kawai take kallo, ba ta nuna abin da ke baya, ko sama, ko ƙasa. Wayar lantarki da siraran rassan bishiya kuwa ba sa fitowa a hoto sai an zo daf da su, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. Shi ya sa a Amurka, Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta wajabta wa mai tuƙi da tabarau ya samu wani a gefensa wanda ke bin jirgin da ido tsirara, ya riƙa faɗa masa abin da ke tafe. Sun kuma ƙayyade tashi sama zuwa kimanin mita 120. A ganina, ko da babu wata doka, wanda ya tashi irin wannan jirgi shi kaɗai a cikin unguwa ya yi ganganci.

Kada ƙanƙantar jirgin ta ruɗe ka. Farfelarsa na juyawa sau dubbai a minti, kuma tana yanka nama kamar reza. A 2015 mawaƙi Enrique Iglesias ya kai hannu ya kama wani jirgin ɗaukar hoto yana tsaka da wasa a birnin Tijuana na Meziko, ya tsattsage masa yatsu har sai da aka yi masa aiki. Wannan babban mutum ke nan, kuma a hannu. To ina ga fuskar yaro? Mu kuma a nan akwai dawaki. Dokin da ya firgita a tsakiyar cunkoson hawa ɓarnarsa ta fi ta jirgin nesa ba kusa ba.

Sai batun yankewar hoto. Katangar siminti, rufin kwano da bishiya mai duhu duk suna tare sigina. Analog kan yi gargaɗi, hoton ya fara yayyafi yana dishi-dishi kafin ya ɗauke. Na dijital yakan yi kyau har zuwa gaɓa, sannan ya daskare ko ya ɗauke gaba ɗaya. Haka kuma idan wani a kusa ya kunna nasa jirgin na analog a tashar da kake kai, zai shafe maka hoto nan take alhali naka na sama. Jiragen da ake harhaɗawa da hannu da yawa ba su da GPS, ba su san hanyar komawa gida ba. In alaƙa da rimot ta yanke, injinan za su tsaya cak, jirgin ya rikito kan duk abin da ke ƙasa.

Jikin matuƙin ma yana ji. Ido na cewa ana gudu, kunnen ciki mai kula da daidaito na cewa ana tsaye, sai jiri da tashin zuciya su biyo. Gara sabon shiga ya zauna a kujera, kada ya tsaya a bakin kwata ko saman bene. Kada kuma a bar tabarau yana fuskantar rana, domin gilasansa na tattara haske su ƙona allon ciki cikin ɗan lokaci. Batirin jirgin kuwa, wanda ake kira LiPo, shi ne mai tayar da gobara. Wanda ya kumbura ko ya bugu a yi sallama da shi. Kada a jona caji a kwanta barci, kada a bar shi cikin motar da ke rana.

Akwai kuma hukuma. Tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ta ce ba a tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro. Daga wancan lokaci zuwa yau lamarin ya ƙara tsami. A yaƙin Rasha da Yukren, wannan jirgi mai tabarau, da aka ƙirƙira don tsere da nishaɗi, ya zama makamin yau da kullum, ana ɗaura masa abin fashewa a tuƙa shi har kan tankar yaƙi. Ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai a yankin Sahel da Tafkin Chadi su ma sun shiga amfani da ƙananan jirage. Saboda haka sojan da ya ga saurayi rufe da ido yana sarrafa wani abu a sama kusa da bariki ko shingen bincike ba zai ɗauka wasa ake yi ba. Filin jirgin sama kuma kada ma a doshi wajen. A Disambar 2018 rahoton ganin irin waɗannan jirage ya tsayar da filin Gatwick na Ingila, tafiyar fasinjoji wajen 140,000 ta wargaje.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne sirrin gida. Tsakar gidajenmu a buɗe suke ta sama, mata na aikinsu a sake, wani banɗakin ma ba rufi. Katanga ta ishi mai wucewa, amma ba ta hana ido daga sama. Hoton analog kuma ba a kulle yake ba, duk mai tabarau da ke kusa zai iya kamo tashar ya ga abin da kake gani.

Mai sha'awar koyo ya fara a kwamfuta da manhaja irin su Liftoff ko VelociDrone, inda faɗuwa ba ta cin kuɗi, sannan ya koma kan ɗan ƙaramin jirgi mai kariyar farfela a fili nesa da jama'a. Mai biki da ya ɗauko mai hoto kuwa, hakkinsa ne ya tambaya tun kafin ranar: "Malam, wa zai tsaya maka a gefe in ka rufe ido? Ina takardar izininka? Kuma ta ina jirgin zai bi?" Idan amsar ita ce ta saman kan mata da yara, a ce masa ya ɗauka daga gefe, ko ya ajiye jirgin ya ɗauki kyamarar hannu.